Idan Masu Rigakafi Suka Yi Sallama A Ƙofar Gidanki

  

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata tambaya da aka yi mini a ajin matan aure. Muna cikin darasin tauhidi, a kan imani da ƙaddara, sai wata baiwar Allah mai goyo ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, tsakaninki da Allah, ke kina bari a ɗiga wa 'ya'yanki?" Aji ya yi tsit. Na ce mata e, ina bari, kuma ina kai su asibiti a yi musu allurar. Ai kamar jira ake yi. Wannan ta ce ta ji an ce maganin hana haihuwa ne. Waccan ta ce ɗanta ya kwana yana kuka da zazzaɓi bayan allura, tun daga ranar ba ta koma ba. Wata ta ce ita ba ta da ta cewa, maigida ne ya ce duk ranar da ta miƙa masa ɗa a bakin aurenta. Wata dattijuwa kuma ta ce, "Malama, ba yanzu kika gama gaya mana abin da Allah ya rubuta babu makawa sai ya faru ba?"

Ranar ba mu ƙarasa darasin ba. Amma na fita da abu guda a raina: waɗannan mata babu wadda ba ta son ɗanta a cikinsu. Son ne ma ya sa suke tsoro. Don haka ni ba na cikin masu cewa ƙin rigakafi jahilci ne kawai. Shakka ba laifi ba ce. Inda matsalar take shi ne mace ta zauna da shakkarta shekara ashirin ba ta taɓa bincikawa ba, alhali lafiyar yaron da aka ba ta amana ce a kan layi.

Daga ina tsoron nan ya fito?

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mu kuwa an sare mu. A shekarar 1996 an yi annobar sanƙarau mai tsanani a Arewa, wadda ta ci rayuka sama da 10,000. A tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin magunguna na Pfizer daga Amurka ya zo Asibitin Zana da ke Kano, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi wannan ɓarna. Iyaye kuwa suka ce ba a taɓa gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Aka yi ta shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Ki lura da abu ɗaya, 'yar'uwa. Trovan ba rigakafi ba ne. Magani ne da aka ba wa yaran da suka riga suka kamu. Amma ga uwar da ta binne ɗanta, wannan bambanci ba ya shiga kunne. Abin da ta sani shi ne baƙi sun zo da magani kyauta, kuma ba su faɗi gaskiya ba.

A kan wannan miki ne aka zo 2003. Shekarar ce Amurka ta afka wa Iraƙi, zukatan Musulmi cike da zargi. Sai wasu manyan mutane, ciki har da Dokta Datti Ahmad wanda likita ne kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a lokacin, suka ce suna zargin an gurɓata ɗigon shan inna da sinadarin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Ni lokacin ina yarinya, amma ina tune da yadda ake kwashe ƙannenmu a tura su uwar ɗaka da zarar an hango mata da akwatin ƙanƙara sun shigo layi. Mu ne ma 'yan leƙen asiri, mu rugo mu ce ga su nan.

Aka tura tawagogi suka je Afirka ta Kudu da Indiya da Indonesiya don a gwada maganin. Kano ce ta fi daɗewa, kusan shekara guda, sai a ƙarshen watan Yuli na 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince a ci gaba, da maganin da aka sarrafa a Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya. To amma kafin nan cutar ta riga ta yi tafiya. Ƙwayar da ta tashi daga wajenmu ta shiga ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Sudan da Yaman. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a 2005 ta isa Indonesiya ɗin kanta, bayan sun yi shekara goma ba su ga shan inna ba, ta shanye ƙafafun ɗaruruwan yara. 'Ya'yan Musulmi ne fa, irin namu. Sannan a watan Fabrairu na 2013 aka bindige ma'aikatan rigakafi tara a Kano, kusan dukkansu mata, waɗanda suka fito neman abin sawa a bakin salati. Allah ya jiƙansu.

Mu auna labarin da ma'aunin da Allah ya ba mu

A cikin Suratul Hujurat, aya ta 6, Allah (SWT) ya umarce mu da mu tantance labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da wasu cikin rashin sani mu dawo muna nadama. A Suratun Nahli kuma ya umarce mu da tambayar ma'abota sani a kan abin da ba mu sani ba. Mun haddace ayoyin nan, muna koya wa yara su. Amma da zarar an turo muryar wani da ba mu san ko wane ne ba a WhatsApp, yana rantsuwa yana cewa a tura wa mutum goma, sai mu manta da su.

To bari mu tantance maganar hana haihuwa. A 2003 mai shakka yana da uzuri, don ba a ga ƙarshen abin ba. Yau fa? An haura shekara ashirin. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin nan suna jarirai su ne yau muke zuwa sunan 'ya'yansu. Ki duba gidanku, ki duba unguwarku. Da maganin yana kashe mahaifa, da yanzu garuruwan da aka fi yawan ɗigawa sun zama kufai. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a jihohi irin su Katsina da Jigawa mace takan haifi 'ya'ya kimanin 7 a tsawon rayuwarta, kuma babu inda aka fi zagaye gida-gida da ɗigo kamar wannan yanki. Da na faɗi haka a aji, sai wata ta yi dariya ta ce, "Wallahi Malama ni an ɗiga mini, ga shi ina goyon na shida." Ita kanta hujja ce, ba ta sani ba.

Akwai kuma hujjar da ke fuskokin kakanninmu. Wadda ta tashi da tsofaffi ta san zanen agana, ta san makafin da agana ta makantar. Ta kuma san tabon lamba a dantsensu. Yau ina agana? Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a cikin jama'a a Somaliya yake, a 1977, kuma a 1980 aka tabbatar ta ƙare a duniya. Da ikon Allah, ta hanyar lambar nan. Yaranmu ko sunan ciwon ba su sani ba.

Rigakafi da tawakkali

Yanzu mu koma ga tambayar dattijuwar nan, don ita ce ta fi kusa da fagenmu. Shin shan magani tun ciwo bai zo ba rashin yarda da ƙaddara ne?

Da farko mu san abin da ake sa wa yaron. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da dakarun da ke yaƙar cuta, su ne ake kira garkuwar jiki. Waɗannan dakaru suna da wata baiwa: in suka taɓa gamuwa da wata cuta, ba sa manta fuskarta. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi. Rigakafi shi ne a ɗauko ƙwayar cutar da aka kashe, ko aka raunana, ko wani ɗan ɓangare nata, a nuna wa jiki ita. Sai jiki ya yi shiri. Ranar da ta gaske ta zo, sai ta tarar an san ta. Kenan ba wani sabon abu aka ƙirƙira a jikin yaro ba, abin da Allah ya riga ya ajiye ne aka tayar.

Zamanin halifancin Sayyidina Umar (RA) ya kama hanyar Sham, sai aka tarye shi a wani wuri da ake kira Sargu da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya shawarci Muhajirai, ya shawarci Ansaru, ya shawarci dattawan Ƙuraishawa, daga ƙarshe ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ai cikin ƙaddarar Allah take. Ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kora su da ƙaddarar Allah ya yi, amma mai hankali ya san inda zai kora. Sannan Abdurrahman bin Auf (RA) ya zo ya shaida musu cewa ya ji Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana na ciki fita. Wannan ƙissa tana cikin Bukhari da Muslim. Wa ya kai Umar tawakkali a cikinmu?

Haka nan an san hadisin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah. Da aka tambayi Shaikh Abdul'aziz bin Baz, tsohon Muftin Saudiyya, hukuncin yin rigakafi kafin ciwo ya sauka, ya ce babu laifi, ya kafa hujja da hadisin cin dabinon ajwa bakwai da safe don kariya daga guba da sihiri. Ai wannan ma neman tsari ne tun abu bai faru ba. Mu kanmu muna yi wa yara addu'o'in safe da yamma, muna rataya gidan sauro, muna rufe rijiya. Babu wadda ta taɓa cewa rufe rijiya rashin tawakkali ne. A 2013 ma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta fitar da bayani tana kiran iyaye su yi wa 'ya'yansu rigakafin shan inna. Kuma duk wadda ta sauke farali ta san ba a zuwa Makka sai da allurar sanƙarau da ta shawara. Ban taɓa jin maniyyaciyar da ta fasa kujerarta saboda allura ba.

Wani abin da ya kamata mu gyara ma shi ne sunan ciwon. Asalin kalmar shan inna camfi ne na cewa wata aljana ce, Inna, take shanye ƙafar yaro. Shi ya sa wasu ke nufar gidan boka da 'yan bori. Wannan kam shi ne yake taɓa aƙida, ba ɗigon ba. Ciwon ƙwayar cuta ce da ke fita a bayan gida, ta shiga bakin wani yaro ta ruwa ko abinci ko hannu marar tsabta.

Tambayoyin da suka fi yawo

"Me ya sa kullum shan inna, kullum kyauta, har gida, amma in ɗana yana zazzaɓi na je asibiti sai a rubuta mini in saya?" Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ni ma ina yin ta. Amsar ita ce, tun 1988 ƙasashen duniya suka ɗaura aniyar kawar da shan inna kamar yadda aka yi wa agana, lokacin tana nakasa yara kimanin 350,000 a shekara. Ƙwayar ba ta rayuwa a jikin dabba, sai mutum, don haka ana iya gamawa da ita. Masu zuba kuɗin ba don tsabar son mu kaɗai suke yi ba. Muddin tana raye a wani lungu na duniya, to jirgi ɗaya ya isa ya kai musu ita, kuma dole su ci gaba da kashe kuɗi suna kare nasu 'ya'yan. Amfaninsu ne ya haɗu da namu. Rashin magani a asibitocinmu kuwa haƙƙi ne da za mu ci gaba da nema a wajen shugabanninmu. Amma hana yaro ɗigo ba gwamnati yake hukuntawa ba, yaron yake hukuntawa.

"An ce an gama da ita, me ya sa ake ta zuwa?" Gaskiya ne rabon da a ga asalin ƙwayar shan inna a Nijeriya tun 2016 a Borno, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ita. Amma akwai wani bayani da ba a cika yi mana ba, ni kuwa ina ganin ɓoye shi ne yake ƙara zargi. Ɗigon da ake sawa a baki ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Yaron da aka ɗiga wa yakan fitar da ita a bayan gida. In yawancin yaran unguwa suna da kariya, nan take mutuwa. In kuwa da yawa ba su da ita, sai ta yi ta yawo daga wannan zuwa wancan tsawon watanni, har ta sake yin ƙarfi ta nakasa wanda ba a yi wa ba. Irin wannan ce ta ci gaba da ɓulla a wasu jihohin Arewa bayan 2020. Kin ga kenan gidan da aka ɓoye yara shi ne mafakarta. Shi ya sa aka ƙara da ta allura, wadda ƙwayarta matacciya ce, kuma tun 2021 aka fara amfani da sabon ɗigo da aka inganta don rage wannan matsala. Maimaitawar kuma tana da dalili: yaron da ke fama da gudawa ko tamowa, ɗigo ɗaya ko biyu ba lallai su kama jikinsa ba. Sannan a cikin yara 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, kusan ɗaya ne take nakasawa, sauran suna yawo da ita lafiya lau suna rabawa. Don haka "ai ɗana ƙalau yake" ba hujja ba ce.

"Allurar tana sa zazzaɓi." E, tana sawa, musamman wadda ake yi a cinya a sati 6 da 10 da 14. Jiki zai yi ɗumi, wurin ya ɗan kumbura, yaro ya yi rigima kwana ɗaya ko biyu. Alama ce ta dakarun nan sun tashi aiki. Ki yawaita ba shi nono, ki rage masa kaya, ki tambayi malamar asibiti adadin farasitamol da ya dace da shi. Ta dantse da ake yi ranar haihuwa kuma takan yi ɗan ƙurji bayan 'yan makonni, ya fashe ya bar tabo. Kada ki matse, kada ki shafa komai. Akwai yaran da jikinsu kan yi mummunar ƙin allura, amma abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, kuma yakan bayyana ne cikin mintuna, shi ya sa yake da kyau ki ɗan zauna a asibitin kafin ki tafi. In kuwa zazzaɓi ya yi tsanani, ko yaro ya yi jijjiga, ko ya ƙi nono, ki koma da shi nan take.

Ki ɗora wannan zazzaɓin kwana biyu a sikeli ɗaya da abin da ake gudu. Mun ga mashaƙo da idonmu. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma mafi yawansu yara ne da ba su kammala rigakafi ba. Ciwo ne da ke shimfiɗa wata fata a maƙogwaro ta toshe numfashi, wuya ya kumbura, dafinsa kuma ya taɓa zuciya. A makarantarmu akwai allon da mai shi bai dawo ya ɗauka ba har yau. Kariyarsa tana cikin allurar cinyar nan da muke gudu saboda kukan dare ɗaya. Ƙyanda kuma da muke ɗauka kamar dole ce, har muna cewa ba ta son allura, a kulle yaro a ɗaki, tana makantarwa, tana kawo ciwon huhu, tana kisa. In ta shiga gida, cikin yara goma marasa kariya tara za su iya kamuwa.

In maigida ne ya hana

Nan ne da yawanmu muke tsayawa. Ba zan ce ki saci jiki ki kai yaro a ɓoye ba. Ranar da ya ga tabo ko ya ji zazzaɓi, kin rasa yardarsa, kuma kin rufe ƙofar da za a iya buɗewa da lalama. Amma ba zan ce ki naɗe hannu ki ce ba ruwanki ba. Hadisi ya tabbatar da cewa mace mai kiwo ce a gidan mijinta kuma za a tambaye ta, kamar yadda shi ma za a tambaye shi. Lafiyar yaro haƙƙin yaron ne a kanku ku biyu.

Kada ki tayar da maganar a lokacin da ma'aikata suke tsaye a zaure, maƙwabta suna kallo. Namiji ba ya son a ce an juya shi a gaban mutane. Ki bari sai ya ci ya sha, hankalinsa a kwance, ki tambaye shi abin da yake tsoro, ki saurara har ya gama. Sau da yawa za ki tarar ba maganar haihuwa ba ce, haushin hukuma ne, ko wata ma'aikaciya ce ta taɓa yi masa rashin kunya. In ya fi jin maganar malaminsa, ko yayansa, ko wani abokinsa da ke aikin asibiti, ki nemi a bi ta nan. Ki roƙe shi ku je asibitin tare ya yi tambayoyinsa da bakinsa. In Hajiya ce mai faɗa a ji a gidan, to da ita za a fara, a tuna mata agana, ita ta gan ta. Kuma in kuna da abokiyar zama, ku haɗa baki. Yaran gida ɗaya kwano ɗaya suke ci, ciwon da ya kama na ɗakinta ba zai tsaya a labulenki ba.

Su ma masu aikin da gyara a wajensu

Yarda ba a ƙwatar ta da ƙarfi. Na taɓa kai yaro wani asibiti, tun bakwai na safe muna layi, sai wajen sha ɗaya aka ce mu dawo wani satin wai ba za a buɗe kwalba don yara kaɗan ba. Wata da ta zo daga ƙauye ta ɓatar da katinta, aka yi mata tsawa a gaban jama'a kamar yarinya. Kina ganin za ta dawo? Ita da ta biya kuɗin mota, ta bar girki, ta roƙi izini da ƙyar? Irin wannan ya kori mata fiye da duk wata jita-jita. Haka turo ƙananan 'yan mata da ba su iya amsa tambaya ɗaya ba, ko barazana da 'yan sanda, ko shafa wa yaro tawada a yatsa ba a ɗiga masa komai ba don a cika takarda. Wannan na ƙarshen ha'inci ne, kuma duk uwar da ta roƙi a yi mata haka ta sani da ita aka yi.

Abin da ya yi aiki a baya sananne ne. Da aka sa sarakuna a gaba, aka kafa kwamitinsu na Arewa a 2009 ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka bi ta hakimai da dagatai da masu unguwa, aka ɗauki matan unguwa da aka sani suna shiga gida-gida har wajen suna, sai ƙofofi suka fara buɗewa. Mutum yana yarda da wanda ya sani. A nan ne mu matan ƙungiya da malaman Islamiyya muke da rawar takawa. Me zai hana kowane reshe ya gayyato ma'aikaciyar lafiya Musulma sau ɗaya a zango, ta zo da kwalaben a gani, a karanta inda aka yi su, a yi mata tambaya ba kunya? In ba ta san amsa ba ta ce ba ta sani ba, za ta bincika. Wannan ya fi a ce mana "ba komai" alhali mun ga yaro ya yi zazzaɓi.

Katin yaro

Rigakafin da ake bi gida-gida ƙari ne. Ginshiƙin shi ne wanda ake yi a asibiti, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Yana farawa tun yaro yana ciki: allurar da ake yi miki a awo tana kare jariri daga ciwon sarƙewar haƙora, wanda ke shiga ta cibiya, jariri ya daina kama nono ya dinga sandarewa a kwanakin farko. Da an haihu, ko a gida aka haihu, a kai shi cikin kwanakin farko a yi masa ta tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon farko. Kada a ce sai an yi arba'in, wani ya kai shi in ke ba za ki iya fita ba. Daga nan sai sati 6, sati 10, sati 14, inda ake yin wadda ta haɗa cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa, tare da ta ciwon huhu da ɗigon gudawa. A wata 9 sai ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Wannan ta wata 15 ita aka fi mantawa, don lokacin yaro ya fara tafiya, wata ma ta samu wani cikin. Tun watan Oktoba na 2023 kuma an shigo da ta 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, don kariya daga sankarar bakin mahaifa. Ita ma na ji an fara yi mata irin waccan waƙar ta hana haihuwa, alhali mahaifar take karewa.

In an tsallake wata, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Mura ko ɗan tari ba sa hana allura. Katin kuma ki sa shi a leda ki ajiye inda kike ajiye takardun gida, don za a iya nemansa ko bayan shekaru.

Ita baiwar Allah da ta yi mini tambayar, bayan kamar wata biyu ta tsaya bayan an tashi, ta zaro kati daga jakar Alƙur'aninta ta nuna mini. Maigidan ya yarda a je asibiti, shi da kansa ya kai su a babur, amma ya ce har yanzu masu bi gida-gida kada su taka masa zaure. Na ce ta bar shi a haka tukuna, ta dai riƙe ranar komawa. An rubuta mata sati huɗu masu zuwa.

A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu ɗauki hukunce-hukuncen jinin biƙi.